Zaren Izga da Tukunyar Iri

Bana bazara ta shigo da fushi. Tun kafin a gama kai shinkafa gida kogi ya fara ja da baya, ya bar ciyawar kachala tsaye cikin laka tana bushewa daga sama, jirage kuma kwance a gefe babu mai taɓa su. Da hantsi ƙasa ba ta takuwa. Ni da ƙafata ta ga rani iri-iri, sai da na nemi takalmi kafin in leƙa zaure.

Cikin wannan zafin Habu ya zo hutu. Jikana ne, ɗan 'yata Talatu, yana tuƙa babbar mota tsakanin Hadejia da Ikko. Ga furfura ta fara masa a gemu, amma har yau in ya shigo sai ya tsokane ni. Ya shigo da sandunan fatsa biyu dogaye, kowace da kwarkwaron ƙarfe a gindinta.

"Uwargida, tashi ki ga abin da mijinki ya kawo. Daga yau kin daina cin busasshen kifi."

"Miji ko raggo? Kai da ko ƙarfasa ba ka taɓa kamowa ba. Miƙo in gani."

Sandunan ba su dame ni ba. Zaren ne ya tsayar da ni. Siriri ne kamar gashin goshin jariri, santsi gare shi, babu murɗi ko kaɗan. Habu ya ce in tsinka. Na naɗa a hannu na ja, na ƙara ja, zare ya shige min fata bai ko motsa ba.

"Kai, wane aljani ne ya murza wannan?"

"Ba murzawa aka yi ba, Kaka. Silili ne barkatai, kowane ya fi gashi siranta, aka jera su aka gasa da zafi har suka manne suka zama guda."

Da la'asar na bi shi bakin kogi da sandata. Kwarkwaro na farko bakinsa a buɗe yake yana kallon gaba, zare na zubowa daga kansa shi kuma yana tsaye. Habu ya wurga, sai ga ƙugiya ta tafi, ta tafi, har ta faɗa inda a da sai da jirgi ake zuwa. Zaren bai nannaɗe ba irin na roba da masuntanmu ke saye, ya miƙe sambal a kan ruwa. Ya ba ni sandar in riƙe. Wallahi ɗan kifi ya taɓa ƙugiyar can nesa, na ji shi kamar a tafin hannuna yake lasa. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya ba ɗan Adam wannan basira.

Kwarkwaro na biyu a gicciye yake kwance, shi da kansa yake juyawa yana sakin zare. Nan labari ya canza. Ƙugiya ta maƙale a kachala, Habu ya fizga da ƙarfi, sai zaren don tsabar siranta ya nutse cikin 'yan'uwansa da ke naɗe. Da ya sake wurgawa abu ya cije, ya cukurkuɗe kamar kitson da aka tsefe aka bari. Ya sa hannu ya ja, zare ya yanke masa yatsa.

"Kin gani ko, Kaka? Zare ɗaya ne fa. Wancan ya karɓe shi, wannan ya ƙi."

Jinin da na gani a yatsarsa ya riga ya ɗauke ni ya kai ni wata bazarar.

Shekarar da kogi bai hau fadama ba nake nufi. Lokacin ina da ƙuruciyata a gidan Malam, mijina, Allah ya jiƙansa. Babban ɗana an kai shi wajen kawunsa a Malam Madori don a rage baki, Talatu kaɗai ce a gabana, ba a daɗe da yaye ta ba. Damina ta yi yayyafi ta ɗauke, gero ya fid da kai ya bushe a tsaye. Mu mutanen bakin kogi ba mu cika tsoron fari ba, don in sama ta hana, kogi kan hau ya ba mu shinkafa da kifi. A shekarar nan duka biyu suka juya mana baya. Kogi ya tsittsinke ya zama gurabe, tsakaninsu farin rairayi mai toya ƙafa.

Da an idar da sallar asuba mu mata sai mu ɗauki ƙwarya da fartanya mu nufi inda laka ba ta gama bushewa ba, haƙar bado. Mu dawo rana ta take, mu fere, mu shanya, mu daka. Tuwonsa baƙi ne, warin laka yake yi, in ka ci ka sha ruwa cikinka ya yi nauyi amma ƙafafunka na rawa. Da bado ya ƙare muka koma goruba da aduwa da busasshen tafasa. Maza kuwa suka share gurabe da taru da koma har ba sauran abin da ke motsi, sannan suka koma bin tsagar ƙasa suna tono gaiwa daga inda ta binne kanta tana jiran ruwa. Da azahar gari kan yi tsit. Ko tsuntsu ba ya kuka. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu ta fito, ka jiƙa zane ka lulluɓa, kafin ka juya ya bushe.

Abu ɗaya ya rage a gidanmu mai sunan hatsi. Inna, uwar Malam, tana da tukunya ƙarƙashin gadonta, cike da irin gero da ta gauraya da toka ta liƙe bakin da laka. Kowa ya san tana nan, ba mai zancenta. Sai ranar da Talatu ta daina kuka. Da tana kukan yunwa ina jin haushi, da ta daina sai na gane kukan ma arziki ne. Ta kwanta a tabarma ido buɗe, ƙuda na sauka a leɓenta ba ta kora.

Malam ya tsuguna a ƙofar ɗakin uwarsa.

"Inna, a fasa tukunyar nan."

"In mun cinye iri, ranar da ruwa ya sauka me za mu zuba a rami? Yatsunmu?"

"In ba mu kai ranar ba fa? Dubi yarinyar nan."

Inna ta daɗe tana kallon Talatu. Sannan ta ce, "Akwai abinci a Gurbin Maje, kowa ya gan shi. Je ka ɗauko. In ka kasa, ni da hannuna zan fasa."

Gurbin Maje shi ne gurbi mafi zurfi a wajenmu, tsofaffin itatuwa sun faɗa ciki tun kakanni, duk tarun da aka jefa sai ya fito a yage. Da kogi ya tsaya, ruwansa ya kwanta ya yi garau kamar na randa. A ciki akwai giwan ruwa guda. Da tsakar rana takan taso ta ratsa gurbin a hankali, inuwarta kamar ta jirgi. Maza masu yunwa su jeru a gaɓa suna kallonta, ita ma tana kallonsu.

Zaren fatsar Malam ni nake yi masa, kuma ba yabon kai ba, daga unguwarmu har Kirikasamma an san murzata. Auduga nake kaɗawa in riɓanya in murza a cinya, in dafa da bagaruwa ya yi ja ya yi ƙarfi. A ruwan damina mai laka babu kamarsa. Amma a wannan ruwan garau, zarena ya zama kamar igiyar guga. Malam ya kamo 'yar ƙarfasa a gefen gurbin, ya soka ta da rai ya jefa, giwar ta zo har kusa, ta tsaya, ta juya abinta.

Ya dawo ya zauna ya ce, "Azumi, tana ganin zaren. Wallahi zuwa take ta duba shi tun daga ƙugiya har hannuna."

A ranakun nan Dudu ta zo. Bafillatana ce, ƙawata, da can takan kawo min nono in ba ta gero. Ta shigo ba ƙwarya a kanta, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Shanunsu sun zube a fadama ɗaya bayan ɗaya. A ƙugunta na ga ta soke wani dami fari sol.

"Dudu, mene ne wannan?"

"Izgar farar saniyata ce, wadda Baffa ya ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Shekaranjiya ta kwanta. Na yanke wannan kafin ungulu su sauka."

Na karɓa ina shafawa. Gashi dogo, mai ƙarfi, fari kamar ba shi da launi. Wani sili ya faɗa cikin ƙwaryar ruwan da na kawo mata, na duba ban gan shi ba. Na sa yatsa na laluba, yana nan.

"Ƙawa, ki ba ni ita."

"Ki yi me da ita? Ku Haɓe har wutsiya kuke ci?"

Na gaya mata. Ta kai izgar hancinta ta shaƙa, sannan ta ajiye min a cinya. "Da ranta ta ciyar da ni. To ta ciyar da 'yarki." Ta tashi ta fita ba ta waiwaya ba.

Ban taɓa ganin wanda ya yi zare da izga ba, hannuna ne ya koya min. Na jera gashin kai da gindi, ina murzawa a cinya da yawu, in wani sili ya kusa ƙarewa in cusa sabo. Izga ba auduga ba ce, ba ta son 'yar'uwarta, da ka saki sai ta warware. Cinyata ta saɓule ta yi ja, na koma ɗayar. Don ya kama, na shafe shi da ƙaro na shanya, ya yi kyau har ina murna. Na jefa cikin ruwa in gwada, kafin la'asar ƙaro ya narke, gashi ya watse kowane ya kama gabansa.

Inna da ke kallona daga inuwa ta ce, "Ƙaro a ruwa? Ke da ake yabo har Kirikasamma?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wani dunƙulen kakin zuma, baƙi don tsufa, na mahaifin Malam ne da yake ɗinkin fata da shi. Ta jefo min. Na sake murzawa daga farko. Na hura garwashi, na goga kakin a zaren, ina ratsa shi ta saman wuta a hankali ina ja ta cikin tsumma. In na matsa kusa gashi ya ƙone ya yi ƙauri, in na yi nisa kaki ya ƙi shiga. Ga zafin rana, ga na wuta, ga yunwa, sau da yawa sai in ga tsakar gida na juyawa. Amma a ƙarshe silin nan suka manne suka zama guda, santsi, ba murɗi. Na sa a ƙwaryar ruwa na kai wa Malam.

"Me kika kawo min? Ruwa?"

"Sa hannu."

Ya sa hannu ya ɗago zare. Ya dube ni yadda bai taɓa dubana ba.

Washegari ya naɗe shi a guntun icen da ya saba naɗe zarensa, ya tafi. Abin da ba mu sani ba, ni da shi, zaren auduga yana da haƙuri, in kifi ya ja yakan miƙe ya ba da hanya. Wannan ba ya miƙewa ko kaɗan. Giwar ba ta gan shi ba kam, ta haɗiye ƙarfasar. Da ta ja, Malam ya riƙe yadda ya saba riƙewa tun yana yaro. Zare ya ratsa tafin hannunsa har fari ya bayyana, sannan ya tsinke ta wajen ƙugiya. Ya dawo da hannu naɗe cikin hula, jini na ɗiga.

Inna ta duba hannun, ta duba Talatu. Ta shiga ɗaki, muka ji tana jan abu a ƙasa. Ta fito da tukunyar ta ajiye a tsakar gida, ta ɗauko taɓarya.

Na durƙusa a gabanta. "Inna, akwai sauran izga. Ki bar ni in ƙara."

"Da wane hannun zai riƙe?"

Malam ya ce, "Hannu ba zai riƙe ba. Gora za ta riƙe."

Gorar da yake nufi ita ce babbar da yake kifa ciki a kanta ya ratsa kogi. Inna ta jingine taɓaryar a jikin tukunya, ba ta mayar da ko ɗaya ɗaki ba. Can suka kwana a tsakar gida, duk wanda zai wuce sai ya kewaye su.

Na murza sauran izgar kaf na haɗa da abin da ya dawo da shi. Da muka zo naɗawa a wuyan gora sai zaren ya riƙa zamewa yana juyawa, santsi ya haɗu da santsi. Na yage bakin zanena na fara ɗaurawa a wuyan, sannan ya kama. Bana da na ga Habu ma sai da ya fara shimfiɗa zaren roba a kwarkwaronsa kafin ya ɗora sabon, na yi dariya ni kaɗai. Ƙulli ma sai da Malam ya yi ta riɓanyawa da haƙori, don sau ɗaya ba ya zama.

A wajenmu a wancan zamanin mace ba ta zuwa inda ake jefa fatsa, ko kayan ma ba ta tsallakewa. Na ɗauki ƙwarya da fartanya kamar mai neman bado, na goya Talatu, na zagaya na zauna bayan itacen majen da ke gaɓar gurbin. Malam ya gan ni sarai, ya yi kamar bai gani ba.

Ya tura gorar da ƙafa ta tafi tsakiyar gurbi ta tsaya. Hantsi ya ɗaga. Ruwa shiru kamar an zuba shi a faranti, hasken rana na dukan ido. Ina jin numfashin Talatu a bayana, ɗan kaɗan, da zafi.

Sai gora ta sunkuya, kamar mai gaisuwa.

Ta fara juyawa a wuri ɗaya tana sakin zare, tana juyawa, tana juyawa, har ya ƙare. Sannan ta tashi da gudu. Jama'a, gorar da ke ɗaukar ƙato ta ratsa da shi kogi, na ga ta tsaga ruwa kamar ana jan ta da doki, ba ka ganin zare, ba ka ganin kifi, gora kawai ke gudu ita kaɗai. Ta kai ƙarshen gurbi ta juyo. A tsakiya ta nutse ɗungurungum. Ruwa ya rufe, ya kwanta. Na ji wani dattijo a gaɓa yana salati. Na ce a raina shi ke nan, ta shige cikin itatuwa, ice zai goge zaren ya yanke. Sai ga gora ta ɓullo can gefe da ƙara, ruwa na zuba daga jikinta.

In giwar ta ja, gora ta bi ta. In ta tsaya hutawa, gora ta ɗago ta sama a hankali. Ba ta riƙe da ƙarfi balle zare ya tsinke, ba ta kuma saki ba. Labari ya kai gari, mutane suka cika gaɓa, maza da mata, an manta da wace ce ba ta zuwa. Aka yi azahar a nan kan rairayi, ana sallama ido na kan ruwa. Inna ma ta zo da sandarta ta tsaya kusa da ni, ba ta ce min me ya kawo ki ba.

Sai da inuwar majen ta miƙe ta kai ruwa sannan gudun ya ragu. Gora ta riƙa yawo a hankali kamar mai maye. Can sai ruwa ya buɗe, ta taso a gicciye, cikinta fari yana walƙiya, idonta kamar garwashi. Ban taɓa ganin halitta irin wannan ba, kuma har yau ban ƙara ba. Duk wannan yunwar da ta cinye shanu ta busar da kogi, ita tana ƙasa tana ƙiba, Allah na ajiye da ita.

Malam ya faɗa ruwa da hannunsa mai ciwo, ya cusa lafiyayyen cikin kumatunta, wasu suka bi shi da mashi. Da aka rataya ta a ice maza suka ɗauka a kafaɗa, wutsiyarta na jan ƙasa. Na je na kwance zarena daga gora ina bi da yatsa. Kusa da tsakiya na tarar da inda ice ya goge shi. Abin da ya rage a wurin bai fi a ƙirga da ido ba, 'yan silin gashi ne na wutsiyar saniya. Na zauna a rairayi.

Aka fitar wa Sarkin Ruwa rabonsa, aka bi maƙwabta gida-gida. Na kai wa Dudu nata har ruga.

"Ni? Kin taɓa ganin Bafillatana da cin kifi?"

"Nonon saniyarki ne, ya biyo ta ruwa."

Ta karɓa tana dariya, hawaye na zuba.

Na dafa kan kifin na tace romon, mai na yawo a sama rawaya. Na ɗiga wa Talatu a baki da yatsa, ta haɗiye, na ƙara. Kafin magariba ta buɗe baki ta tsala kuka, kuka na gaske mai ƙarfi, tana miƙa hannu wajen ƙwarya. Inna ta tashi ta ɗauke taɓaryar ta mayar gindin turmi, ta ce Malam ya kama mata tukunya su shigar.

Sauran naman muka yanyanka muka yi banda, gida ya kwana ya wuni cikin hayaƙi. Malam ya riƙa kai kaɗan-kaɗan kasuwar Hadejia yana musanyawa da dawa da dusa. Ba mu ƙoshi ba, kada wani ya ce na ce mun ƙoshi. Tuwo sau ɗaya ne, shi ma da ruwa-ruwa. Amma muna tashi da safe.

Zafi ya ƙaru har ya zama ba a iya kwana a ɗaki. Gabas ta fara haɗa gajimare da yamma tana watsewa, ta haɗa ta watse, muna kallo wuya ya gaji. Rannan da la'asar iska ta juyo da sanyi, ta kwashe tabarmi ta kifar da ƙore, sama ta yi baƙi ƙirin. Ɗigon farko da ya faɗo ƙasa sai da ta yi ƙara kamar an zuba ruwa a kasko. Ƙamshin nan ya tashi. Manya da yara muka fito muka tsaya a ciki, baki buɗe, ba wanda ya nemi mafaka.

Da gari ya waye ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu. Malam ya saɓa sungumi. Inna ta sa aka fito da tukunya, ta yi bisimilla, ta ƙwanƙwasa lakar da gindin wuƙa ta ɓalle. Gero na nan lafiya cikin tokarsa, ko ƙwaro bai taɓa ba. Ƙamshinsa ya bugi hancinmu, mu da muka manta yadda gero yake, yawu ya cika min baki har kunya ta kama ni. Ba wanda ya miƙa hannu. Inna ta riƙa ɗiba tana zuba mana a ƙananan ƙore, tana kakkaɓe yatsunta a ciki kada ƙwaya ta maƙale.

Talatu ta tako da ƙafafunta sirara ta tsaya a bakin tukunya. Ta sa hannu ta ɗauki ƙwaya guda, ta duba ta, ta jefa a baki da tokar da komai. Na ɗaga hannu zan kwaɗe ta.

Inna ta riƙe min hannu.

"Bar ta. Ta ɗanɗana ta san abin da za mu je binnewa."